Takalmin ƙwallo mara nauyi: Shin ya dace da ƙafar Ba'are da filin garinsa?

Da zarar an rufe makarantu a ƙarshen watan Yuni aka shiga babban hutu, sai ka ga harkar ƙwallon ƙafa ta tashi a ƙasar Arewa, tun daga Dogon Dutsi da Matankari da Kiyeshe har zuwa Tibiri da Gesheme da Kore Mairuwa da Dumega. Kowace unguwa da kowace fada ta samari tana haɗa ƙungiyarta, a yi karo-karo a sayi riguna, a kuma nemi wani mai hali ya sa kofi. A daidai wannan lokaci ne kasuwar takalman ƙwallo, waɗanda muke ce wa kirampon, take buɗewa, inda za ka tarar da matashi tsaye gaban mai kaya yana auna nauyin takalmi a tafin hannu kamar mai sayen zinariya. In ya ji shi sakayau, to ciniki ya faɗa ke nan, ko da kuwa bai zura ƙafa ya gwada ba.

Da wuya a buɗe layin waya a shirin wasanni na rediyo a irin wannan lokaci ba a samu mai wannan tambaya ba: tsakanin Mercurial na kamfanin Nike, da F50 na Adidas, da Ultra na Puma, wanne ya fi? Galibi amsar da mai tambayar yake son ji ita ce sunan takalmin gwaninsa, wato wanda ya ga Mbappe ko Lamine Yamal ya sa a gidan kallo. Sai dai abin da ya kamata a fara faɗa masa shi ne, su duka ukun an ƙera su ne domin filin ciyawa da ake yayyafa wa ruwa kafin a take wasa, an kuma zana su ne bisa siffar ƙafar da ta tashi cikin rufaffen takalmi tun tana ƙarama. Mu kuwa filinmu yashi ne da tsakuwa da marmara, ƙafarmu kuma ta gona ce. Saboda haka kafin a tambayi giram nawa ne nauyin takalmi, akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan: ya zauna wa ƙafarka kuwa, kuma ƙasansa ya dace da filin da za ka taka?

Yadda aka fara tseren rage nauyi

A zamanin da, takalmin ƙwallo a Ingila bai da bambanci sosai da takalmin ma'aikatan masana'anta, domin na fata ne mai kauri da ya rufe har idon sahu, nauyin kowane ɗaya ya kai rabin kilo, in ya sha ruwa kuma ya kusa ninkawa. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 1954 a birnin Bern, lokacin da Jamus ta Yamma ta ci Hangare 3 da 2 cikin ruwan sama, ƴan wasan Jamus sun sa takalman Adi Dassler masu haƙoran da ake kwancewa a ɗaura masu tsawo idan fili ya yi taɓo. Mai karatu ya lura, abin da aka yaba a wannan rana shi ne dacewar haƙoran takalmi da yanayin fili. A 1979 Adidas ya fito da Copa Mundial na fatar kangaru, wata dabba ta ƙasar Ostireliya, wanda nauyinsa ya ɗan haura giram 300, kuma shekaru da yawa shi ne takalmin da kowane ɗan wasa yake mafarkin mallaka.

Abin ya sauya ne a 1998, yayin da Ronaldo na Brazil ya shiga gasar cin kofin duniya ta Faransa da Mercurial na farko, mai fatar roba, da nauyinsa bai wuce giram 250 ba. A 2002 wanda ya biyo baya ya sauko ƙasa da giram 200. A 2010 Adidas ya mayar da martani da F50 adiZero na su Messi mai giram 165. Zuwa 2015 tseren ya kai maƙura, inda Adidas ya fitar da wani mai giram 99, shi kuma Puma ya fitar da evoSPEED SL mai giram 103, wanda kamfanin da bakinsa ya ce an yi shi ne ya yi wasa kamar goma kawai. Wasa goma fa, jama'a, kuma a kan ciyawa! Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa duk giram ɗin da aka cire daga takalmi, daga wani wuri aka yanko shi: ko daga kaurin fatar sama, ko daga shimfiɗar ciki, ko daga abin da ke tallabe dunduniya. Daga baya su kansu kamfanonin sun ja da baya, a yau yawancin takalman gudu suna tsakanin giram 160 zuwa 200 ne, wato kwatankwacin nauyin wayar salula, kuma ƙafa biyu a haɗe ba su kai nauyin ledar ruwan sanyi guda ba.

Ba wai rashin nauyin bai da amfani ba ne. Masu bincike a kan gudu sun daɗe da gano cewa duk ƙarin giram 100 a kowace ƙafa yana ƙara ƙarfin da jiki ke kashewa da kimanin kashi 1 cikin 100. Ga ƙwararren ɗan wasa mai gudun kilomita 10 zuwa 12 a wasa ɗaya, wanda kuma taki guda ke raba shi da mai tsaron baya, wannan abin dubawa ne. Amma ga yaron da ke wasa a gefen Tapkin Saw bayan an ɗauke ruwa, lakar da za ta manne a ƙasan takalminsa cikin minti biyar ta fi giram ɗin da aka rage masa nauyi. Haka ma yashin da ke cika takalmi a filin jigawa.

Ƙafar gona da takalmi mai tsini

A nan ne batun yake. Wanda ya tashi yana yawo ba takalmi ko da silifa, yana noma, yana kiwo, yana hawan duwatsu irin su Tozon Bijimi, ƙafarsa kan yi faɗi ta gaba, yatsunsa su baje, tafin ya yi kanta, dunduniya kuma ta yi kaushi, wani lokaci har da faso a lokacin ɗari. Wannan ba aibu ba ne, irin wannan ƙafa tana da ƙarfi da riƙon ƙasa, kuma da ita ƴan kokawarmu suke shiga fili. Matsalar ita ce takalman gudu an yi su ne su matse ƙafa kamar safa, don kada ta motsa a ciki.

Idan aka jera ukun nan, Mercurial shi ne ya yi suna wajen matsi, musamman a tsakiyar ƙafa da wajen ƙaramin yatsa. Mai siririyar ƙafa zai ji kamar don shi aka yi, domin yana kama ƙafa tsam, ba ta zamewa in an yi birki ko an juya. Amma mai faffaɗar ƙafa tun kafin a tafi hutun rabin lokaci zai ji yatsunsa sun yi tsami, in ya cire kuma ya tarar da bororo a gefen ƙaramin yatsa ko a bayan dunduniya. F50, wanda Adidas ya dakatar a 2015 ya maye gurbinsa da X sannan ya dawo da shi a 2024, ya ɗan fi sakin jiki ta gaba, kodayake shi ma ba za a kira shi mai faɗi ba. Ultra, da Puma ya fara fitarwa a 2020, fatarsa siririya ce ƙwarai mai ɗan tauri, ana jin ƙwallo a ƙafa kamar ba a sa komai ba, amma kuma haka ake jin takun abokin karawa kamar ba a sa komai ba. A ra'ayina, cikin samari goma da ke wasa a ƙauyukan Dallol Mawri, waɗanda ƙafarsu za ta zauna lafiya cikin waɗannan ukun ba su da yawa.

Abin da samari da dama ba su sani ba shi ne, fatar roba ba ta buɗewa. Sau da yawa mai kaya zai ce maka, ai in ka sa shi kwana biyu zai saki. Wannan magana gaskiya ce game da takalmin fata irin su Copa da King na Puma na da, da Tiempo na Nike na da, domin fata tana bin siffar ƙafa, in an shafa mata man kaɗe ta ƙara laushi. Amma takalmin roba yadda ka saye shi haka zai tsufa, in kuwa ya saki to yagewa ce ya fara. Masu faffaɗar ƙafa da suka nace sai takalmin zamani, gara su duba Future na Puma wanda samansa ke ɗan miƙewa, ko na New Balance da Mizuno da Asics, waɗanda ke yin wasu takalman da faɗi na musamman, in Allah Ya sa an dace da su a cikin dila.

Su ma takalman fatar suna neman zama tarihi. A watan Maris na 2023 Puma da Nike suka sanar da daina amfani da fatar kangaru, a 2025 kuma Adidas ya bi sahu. Ke nan sabon King ko sabon Tiempo da za ka gani yanzu, sunan ne na da, amma fatar ta roba ce da aka yi ta kwaikwayi laushin ta gaske. Wanda ya tsinci tsohon takalmin fata mai lafiya a wajen ƴan bosho, to ya riƙe shi da kyau. Kuma kada ya ji kunyar a ce masa ɗan gargajiya: Toni Kroos na Jamus da Real Madrid ya riƙe samfurin takalmi ɗaya na fata, Adipure 11Pro, fiye da shekara goma har ya yi ritaya a 2024, alhali kamfanin yana fitar da sabbi kowace shekara, kuma da irinsa ya zura wa Brazil ƙwallo biyu a wasan 7 da 1 na 2014.

Akwai kuma masu dogon wuya na saƙa da suka shigo tun 2014, lokacin da Mario Gotze ya ci wa Jamus kofin duniya sanye da Magista, da kuma marasa igiya da suka biyo baya a 2016. Na saƙa yana da daɗin sawa, iska na shiga, amma inda iska ta shiga ƙura ma za ta shiga, ga ƙarangiya da ke manne masa kamar an gayyace ta. Yashin da ya shiga ta wuyan ba ya fita, sai ya zauna tsakanin safa da fata yana gurzar agara. Wuyan nan kuma ado ne, ba ya hana targaɗe. Shi kuwa mara igiya, in ya zo daidai to madalla, in ya yi yawa ko ya saki babu abin da za ka ɗaure. Ban ga dalilin da zai sa mai sayen na hannu ya ɗauki mara igiya ba, tunda ƙafar wani ta riga ta buɗa shi.

Haƙora da irin ƙasa

In ka duba kwali ko harshen takalmi za ka ga wasu haruffa biyu da yawancin masu saye ba su kula da su, alhali sun fi sunan kamfanin muhimmanci. FG na busasshiyar ciyawa ne, haƙoransa na roba ne guda goma sha ɗaya zuwa sha uku, tsawonsu ya kai santimita ɗaya ko ya ɗan fi. SG na jiƙaƙƙen fili ne mai taɓo, da dogayen haƙoran ƙarfe. AG na ciyawar roba ne, haƙoransa gajeru ne zagayayyu kuma sun fi yawa. TF shi ne mai ƙananan ƙuraje na roba birjik a ƙasansa. Sai MG da HG, waɗanda aka yi domin fili mai tauri ko mai gauraye. Kusan duk abin da ake kawo mana FG ne, domin shi ake gani a talabijin.

Dabarar haƙori ita ce ya nutse cikin ƙasa, sannan tafin takalmin ya zauna ya ɗauki nauyin jiki. A kan fako ko marmara, irin filayen makarantu da yawa a lokacin rani, haƙorin ba ya nutsewa, sai ya zama mutum yana tsaye ne a kan ƙusoshi goma sha biyu. Duk nauyinsa yana sauka a ƴan wurare kaɗan, musamman ƙarƙashin babban yatsa da gefen ƙafa na waje, kuma da yake takalmin gudu shimfiɗarsa siririya ce, babu abin da ke tare wannan duka. Shi ya sa za ka ji ɗan wasa yana cewa tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, washegari kuma ya kasa taka dunduniya. Bugu da ƙari, tsayin haƙoran yana ɗaga ƙafa daga ƙasa, da zarar an taka tsakuwa sai idon sahu ya gurɗe. Masu haƙora masu faɗi kamar wuƙa sun fi haɗari wajen juyi, domin in suka kama ƙasa ba su saki, ƙafa na tsaye jiki na juyawa, gwiwa ce ke biyan bashin. Irin waɗannan haƙora ne Alex Ferguson ya sha kokawa a kansu lokacin da yake horar da Manchester United.

A kan irin wannan fili, takalmin TF ya fi kowanne daɗi da lafiya, kodayake ya fi nauyi kuma samari na raina shi wai bai yi kama da na ƙwararru ba. Nauyin jiki yana rarrabuwa a kan ƙurajen, akwai kuma soso tsakanin ƙafa da ƙasa. Inda FG yake da rana shi ne a tsakiyar damina, bayan an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, ciyawa ta ɗan fito. To amma ko a daminar, ai mun san halin samaniyarmu, ana iya yin ruwa yau a yi mako biyu ba a sake ba, filin da ya yi taɓo ranar Asabar ya koma kamar siminti ranar Laraba. A filin rairayi mai zurfi kuwa babu haƙorin da ke kama komai, shi ya sa yara da yawa suke cire takalmi su yi wasansu, in ba don tsoron tsidau da fasassun kwalabe ba. Shi kuwa SG mai ƙarfe, babu inda ya dace da shi a ƙasar nan, illa ya tsaga wa wani ƙauri.

Ba mu kaɗai ke wasa a kan ƙasa tsura ba. A Japan filayen makarantu da yawa na turɓaya ne mai tauri, shi ya sa kamfanonin can irin su Mizuno da Asics suke yin takalman HG masu gajerun haƙora masu kauri da ba su saurin cinyewa, ga su kuma da faɗi ta gaba. Da ƴan kasuwarmu masu zuwa sari za su riƙa duba waɗannan haruffa, da sun taimaki samari ƙwarai. A Kodebuwa kuma, har gobe da takalmin roba da suke kira leke ake buga wasan marakana a unguwanni, kuma ba wanda ke ganin abin kunya ne. Kai, a 1949 ƴan wasan Najeriya da suka je rangadi Ingila, su Teslim Balogun, yawancinsu ba takalmi suka shiga fili, sai ƙyalle da suka ɗaure ƙafa da shi, kuma a wasansu na farko suka ci ƙungiyar Marine 5 da 2. Ba ina cewa a koma wasa ƙafa tsirara ba ne, domin doka ta 4 ta ƙwallon ƙafa ta wajabta takalmi a wasan hukuma. Ina nuna cewa ne gwaninta ba a cikin kwali take zuwa ba.

Na asali, na bosho da jabu

Takalmi na asali mai daraja ta ɗaya, irin wanda ƙwararru ke sawa, kuɗinsa a Turai ya kai yuro 250 ko fiye, wato sama da jika 160 na kuɗin sefa, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar tun 2024 jika 42 ne. Saboda haka in wani ya miƙo maka sabon Mercurial fil a leda a kan jika bakwai ko takwas ya rantse na asali ne, kai ma ka san amsa. Abin da ke iso mana ta Yamai da Ƙonni, ko ta kasuwannin tsallaken iyaka irin su Bachaka da Kamba da Illela, kashi biyu ne: jabu sabo, da na hannu da ake kwancewa daga dila. Tun bayan rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano sai da suka koma dogon zagaye ta Lome, abin da ya taɓa farashin bosho kamar yadda ya taɓa na sauran kaya.

Shi jabu, launi da tambari kaɗai ya kwaikwaya. Sau da yawa ma ya fi na asalin rashin nauyi a hannu, domin babu komai a cikinsa: shimfiɗar kwali ce ko soso mara kauri, bayan dunduniya ba shi da abin tallafi, tafin kuma yana lanƙwashewa a tsakiya maimakon wajen yatsu. Ka kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa, in ya naɗe a tsakiya kamar tabarma to ajiye shi. Na bosho kuwa, in an iya zaɓe, ya fi jabu nesa ba kusa ba. Sai dai a duba haƙoran ko sun cinye ta gefe ɗaya, a zura hannu a ji ko bayan dunduniyar ya ɓare, a kuma ja bakin takalmin a ga ko gam ya fara saki. Takalmin da ya daɗe a ajiye gam ɗinsa kan mutu ko da kuwa ba a taɓa sa shi ba.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne, kowane samfuri hawa-hawa ne. A Nike akwai Elite da Pro da Academy da Club, a Adidas akwai Elite da Pro da League da Club, a Puma kuma Ultimate da Pro da Match da Play. Na ƙasa-ƙasan sun fi nauyi da ƴan giram, fatarsu ta fi kauri, ba su matse ƙafa kamar na sama, kuma da yawansu suna zuwa da haƙoran MG. Abin mamaki, a filinmu su ne suka fi daɗewa. Wanda ya samu Academy ko League na asali a bosho, ya fi wanda ya samu Elite dacewa.

Zafin rana shi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, ƙasa kuma ta fi haka nesa. Takalman yanzu ba ɗinki ke riƙe da su ba, gam ne, kuma gam ba ya jure a bar shi kan rufin kwano ko cikin akwatin babur da tsakar rana. Dabarar da ƴan wasanmu suka daɗe da ita ta kai sabon takalmi wajen baduku ya zagaye shi da basilla tun kafin ya buɗe baki, dabara ce mai kyau ga takalmin fata da mai kauri. Amma ga siririn takalmin gudu, kowane hujin basilla wurin yagewa ne, kuma ƙullin zaren da ke ciki yakan ci yatsu. In za a ɗinke, a ɗinke bakin kaɗai, a kuma sa shimfiɗa ta rufe zaren. Abin da bai kamata a yarda da shi ba sam shi ne mayar da haƙorin da ya fita da ƙusa. Wannan aikin alƙalan wasa ne su duba ƙasan takalmin kowa kafin a fara, kamar yadda doka ta ce, amma a gasar hutu sau nawa ake dubawa?

Lamba 42 ba ɗaya ba ce

Yawancinmu lambar Faransa muka sani, 41, 42, 43. Tsakanin lamba da lamba bai kai milimita 7 ba, kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kai ba. Alal misali, takalmin da tsawonsa santimita 27 ne, Nike na rubuta masa 42.5, Adidas kuma 42 da biyu bisa uku. Abin da ba ya ƙarya shi ne lambar santimita, wadda ake rubutawa CM ko JP a harshen takalmin. Mutum ya taka takarda, a zana ƙafarsa yana tsaye, a auna daga dunduniya zuwa yatsa mafi tsawo, ya riƙe wannan lamba, ko aike zai yi wajen ɗan'uwa da ke ci-rani a Legas ko Abijan ita zai faɗa. A gwada takalmi da yamma, domin ƙafa na ɗan kumbura da yini, a gwada da safar da za a yi wasa da ita, kuma ƙafa biyun duka, tunda da wuya ka samu mutumin da ƙafafunsa suke daidai wa daida. A bar tazarar da ba ta wuce faɗin ɗan yatsa ba a gaba. In babban yatsa na taɓa baki, farce zai yi baƙi ya fita. In kuma dunduniya na ɗagawa yayin tafiya, bororo na nan tafe.

Ga iyaye masu saya wa yaro takalmin da ya fi shi da lamba biyu wai don ya girma a ciki, sannan a cusa tsumma a baki, ku sani ƙafar da ke yawo cikin takalmi ita ce ke gurɗewa. Haka nan al'adar karɓa-karɓa, inda wanda aka canza zai cire takalmi ya miƙa wa mai shiga, kowa ya san rashi ne ya kawo ta, amma aƙalla masu ƙungiya su haɗa masu lamba ɗaya.

Ƙafar mutum tana da ƙasusuwa 26, biyar daga ciki su ne dogayen nan sirara da ke bayan yatsu, kuma su ne siririn takalmi ya bari a fili. Irin su ne David Beckham ya karya a watan Afrilu na 2002, Wayne Rooney kuma a 2004 da 2006, har aka yi ta muhawara a Ingila a kan ko takalman zamani sun rage kariya. Su waɗannan suna da likitocin ƙungiya, albashinsu kuma na tafiya suna kwance. Irin wannan karaya tana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ta haɗe. Ga saurayin Gesheme ko Ɗan Kasari da ya ji ta a wasan kusa da na ƙarshe cikin watan Yuli, mako takwas na nufin noman farko da maimai sun wuce shi yana zaune, sai mahaifinsa ya nemi ƴan ƙwadago. In ta yi tsanani har maɗori ya ce ba tasa ba ce, sai an ɗauke shi zuwa likitar Dogon Dutsi, wataƙila ma a tura shi Doso, tafiyar kusan kilomita 140, ga kuɗin mota ga na hoto ga na magani, waɗanda in aka haɗa sun sayi takalmin TF ga rabin ƙungiyar.